Rasuwar Jan Alƙalamina a Kan Bayani na Arba'in da Ɗaya

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa, da tsofaffin ɗalibaina, har da waɗanda suka ji jiki a hannunsa, rasuwar jan alƙalamina mai shan tawada. Ya cika ranar Asabar da hantsi a kan teburin falona, yana da shekara talatin da huɗu, yana tsakiyar aiki.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa a aji, yana duba insha'in yara. Da na yi ritaya na zaci shi ma ya huta, sai jikata ta samo masa aikin tsufa. Tana aiki ne a wani kamfanin motocin haya da ya ɗauki mataimakin kwamfuta, irin wanda fasinja ke rubuta wa buƙatarsa ya biya masa. Mataimakin yana da kayan aiki birjik, na neman kujera, na sauya rana, na soke tikiti, kuma kowanne da ɗan bayanin da yake karantawa kafin ya ɗauka. Jikata ke rubuta bayanan. Duk Asabar takan bugo su a takarda ta kawo mana, ta cinye abin da ke firjina, mu kuma mu yi musu jina-jina.

Tsarin marigayin bai taɓa sauyawa ba. In rufe sunan kayan aikin da babban yatsa, mu karanta bayanin tsurarsa. In ba mu gane yaushe ake ɗaukarsa ba, da yaushe ake barinsa, sai ka ji ƙirrr, ya ja layi. Shi ya gano dalilin da ya sa wata baiwar Allah ta nemi a ɗaga mata tafiya zuwa jibi aka soke mata tikiti ɗungurungum: na sauyawa da na sokewa duk an rubuta musu "yana gyara tikitin fasinja". A gefen na sokewar ya rubuta, "Faɗa masa in an yi ba a dawowa."

Bai taɓa yarda da maganar shugaban jikata ba, wai bayani gajere ya fi, ai na'urar tana da basira, za ta gane. Ni da na koyar shekara talatin da biyar na san yaro mai basira shi ya fi kowa iya cika gurbin tambaya mara kai da ƙarya mai tsari, yana murmushi.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da shugaban ya ce hanyarmu ta cika nawa. Ya sa na'ura ta rubuta bayani sittin da uku, wata na'urar ta duba, ta ba kowanne tara bisa goma. A zamanina ana kiran wannan zama kusa da aboki a jarrabawa. Jikata ta kawo su tana sunkuyar da kai.

"Hajiya, wannan ne fa na ƙarshe. An ce daga yanzu ba sai an kawo miki ba."

"To, firjin ma a tura masa na'ura," na ce.

Na yi dariya, amma raina bai yi ba. Jikoki tara gare ni, ita kaɗai ke da ranar zuwa, kuma na san takardun nan ne suka yanka mata ranar.

Marigayin ya yi arba'in ba ko tari. A na arba'in da ɗaya muka tarar da "yana sarrafa bayanai yadda ya kamata". Na danna shi fiye da kima, na amsa laifina. Ya rubuta "Waɗanne baya", ya ce ƙas, bakinsa ya rabe biyu. Mai gyaran agogon bakin titinmu ya duba shi da gilashinsa, ya ce in yi haƙuri, an daina ƙera irin bakin tun kafin a haifi jikar tawa.

Ya bar kwalbar tawada rabi, da rula, da tabarau, da bayani ashirin da biyu marayu, da ni.

Jikata ta kai wa shugabanta arba'in ɗin da jansu. Aka gwada su da na na'urar a kan saƙonnin fasinjoji na gaske. Ta ƙi faɗa mini sakamakon, wai kaina zai kumbura. Abin da ta ce kawai, shugaban yana tambaya ko tsohuwar nan tana da lokaci.

Za a yi jana'iza Asabar mai zuwa da ƙarfe goma, a aljihun tebur na sama, cikin akwatin da ya zo da shi. Ana karɓar ta'aziyya har azahar. Daga nan a watse, don jikata na tafe da marayun nan ashirin da biyu, ta ce kuma in ware mata Asabar ta gaba da ta bayanta. Mai niyyar kawo magaji ya sani ba na karɓar shuɗi.