Ranar da Na Kai Karyar Surukina Kasuwa

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Gidan Amumune ba, kuma ko da na so in manta, mutanen garin ba su da niyyar taya ni. Yanzu gemuna ya yi fari, amma har yau in na gifta rumfar mahauta sai wani ya gaishe ni da ladabi ƙwarai, ya tambayi lafiyar iyali, masu ƙafa biyu da masu ƙafa huɗu.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga Katsina ba, inda na yi shekara tara ina karatu. Na dawo da gafaka uku cike da takardu, da rawanin da ya fi kaina nauyi, da kuma tabbacin cewa duk abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Inda na fi ƙwarewa (ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba) shi ne babin haila. Na san kwanakinta, mafi ƙaranci da mafi yawa, na san inda malamai suka yi saɓani da inda suka shirya. Matan gari kan aiko mazajensu da tambaya, ni kuwa in ba da amsa ina duban sama, kamar daga can nake karantowa.

Surukina falke ne, mai bin ayari. Ba zan kama sunansa ba, don ko a takarda suruki suruki ne. Wani Balarabe da ya taɓa sauka a wurinsa ya bar masa wata 'yar karya da zai wuce. Ba irin karnukanmu ba ce masu dogayen ƙafafu. Fara ce fat, gashinta kamar audugar da aka gama shiɓa, in ta kwanta a ƙwaryar fura har wuri yakan rage. Ya sa mata suna Auduga. Na taɓa aika masa, ta bakin matata Hajo, cewa shari'a ta yarda a ajiye kare ne don farauta, ko tsaron gona, ko tsaron dabbobi. Auduga kuwa da idona na ga kaza mai 'ya'ya ta kora ta har ƙarƙashin gado. Ya aiko da amsa cewa tsaron rumbu take yi, saboda ɓeraye. Ban taɓa ganin ta kusa da ɓera ba, amma na karɓi fatawarsa.

Bayan an gama kaka, ayari zai tashi zuwa Kano, sai ga shi da kansa a zaurena, Auduga a hammata.

Ya ce, "Malam, ga amana. Gidana jikoki sun yi yawa, murɗe ta za su yi. Kai mai ilimi ne, ka san abin da ya dace da kowace halitta. In na komo, in iske ta yadda na bar ta."

Na sunkuyar da kai na ce in Allah ya yarda. Ku sani, wannan mutum ya ba ni ɗiyarsa lokacin da danginsa ke cewa takarda ba ta yin tuwo, kuma tun daga ranar bai taɓa roƙona komai ba, ko aron lauje. Wannan ce buƙatarsa ta farko. Na ɗauki alkawari a raina cewa ko gashi ɗaya ba zai faɗi daga jikin karyar nan ba.

Kwana ashirin muka yi lafiya. Sai ta fara canjawa. Ta rage ci. Ta manne wa Hajo, ko rijiyar gida za ta, tana biye da ita. Ta shiga yin fitsari kaɗan kaɗan a kowane lungu, tana yawan lasar jikinta. Wata safiya na fito daga masallaci na iske ɗigon jini uku a kan tsohuwar tabarmar da take kwanciya. Na ɗaga ta da tsumma (ina da iyakata) na ga ƙarƙashin wutsiyarta ya kumbura.

Dole in faɗi wani abu don kare kaina. Shekara biyu ke nan da wucewar annobar da ta share shanu a ƙasar nan. Duk wanda ya ga abin bai manta ba: dabba ta ƙi ci, ta kwanta, jini ya biyo, kwana kaɗan sai ungulu. Don haka da na ga ƙin ci, na ga jini, sai annobar ta faɗo mini a rai.

Hajo tana tankaɗe a gindin turmi, ta dube ni ta ce, "Malam, ai wanga abu ba..."

Na ɗaga mata hannu. Na ce, "Hajo, wannan ba lamarin tankaɗe ba ne. Bari in duba."

Ta ce, "To," ta ci gaba da aikinta. Na daɗe da auren matar nan yanzu, na san "to" ɗinta iri bakwai. A lokacin ɗaya kawai na sani.

Na shiga na buɗe littafin tibbu. Na sami ciwon doki, na sami ƙazuwar raƙumi, na sami abin da ake ba shaho in ya ƙi tashi. Ban sami kare ba. Wani da ya fi ni hankali da ya ce littafin ne bai cika ba. Ni sai na ce ciwon ne sabo. Washegari kuma aka ƙara mini hujja: na buɗe ƙofar zaure na iske karnuka biyar a zaune, sun zuba wa gidana ido, babu mai haushi. Na ce shi ke nan, dabba tana jin ƙanshin mutuwa kafin mutum. Annobar shanu ta komo, ta faɗa wa karnuka, daga nan sai awaki, kuma Allah ya zaɓe ni in zama farkon wanda ya gane. Ba zan ɓoye muku ba, a ƙarƙashin tsoron da nake ji akwai ɗan daɗi.

Ranar kasuwa ce. Na yanke shawara in kai ta wurin Dogo wanzami, wanda ke yi wa dabbobi magani in an matsa masa, in kuma gargaɗi jama'a. Na sa babbar rigata ta Juma'a, na naɗa rawani, na naɗe Auduga a zane, na rungume ta. Hajo ta biyo ni har bakin zaure.

Ta ce, "Malam, da dai ka bar ta gida."

Na ce, "Rayukan dabbobin gari na wuyana."

Ta ce, "To, a sauka lafiya."

Gidana a bakin gari yake, kasuwa a ɗaya bakin. Da na fito, karnuka biyar ɗin suka miƙe suka bi ni. Kafin in kai bakin marina sun zama takwas. A gindin tsamiya karnukan maharba biyu suka shigo sahu, sannan babban karen mahauta mai ido ɗaya ya zo ya karɓi gaba, kamar dama shi ake jira. Ba su yi faɗa ba, ba su yi gudu ba. Tafiya suke yi a natse bayana, in na tsaya su tsaya. Mutane suna ba ni hanya suna kallo, ni kuwa ina amsa gaisuwa da kai, ina ganin girman lamarin ne ya kama su.

Na iske Dogo yana yi wa wani aski. Ban jira ya gama ba. Na tsaya a tsakiyar fili, na gyara murya, na sanar da jama'a cewa annoba ta komo da sabuwar kama. Na lissafa alamominta ɗaya bayan ɗaya, har da kalmomin Larabci biyu da ba su da alaƙa da zancen. Wani mai awaki ya fara janye dabbobinsa. Dogo ya tsaya da aska a sama.

Sai na ji murya daga layin masu nono: "Malam, kawo ta nan in gani."

Inna Daso ce, tsohuwar Bafulatana da ke kawo nono daga rugarsu kowace kasuwa. Ta karɓi Auduga da hannu ɗaya, ta buɗe bakinta, ta duba idonta, ta taɓa hancinta, ta ɗaga wutsiya. Duk bai kai tsawon karanta Fatiha ba.

Ta ce, "Watanta nawa?"

Na ce takwas, ko kusa.

Ta ce, "To ai girma ta yi. Jinin fari ne ya zo mata, na barbara. Kowace karya tana yi." Ta nuna bayana da leɓe. "Waɗannan da ka kwaso kuma ba ta'aziyya suka zo ba, Malam. Neman aure suka zo."

Na juya. Karnuka goma sha ɗaya suna zaune a jere, kowa ya miƙe kunne.

Inna Daso ta ƙara da cewa, a hankali wannan karon, "Annoba ni na gan ta. Garkenmu duka ta kwashe, sa ɗaya ta bar mana. In ta komo ba sai an yi mini wa'azi ba."

Sai wani mahauci ya yi gyaran murya ya ce, "Gafarta Malam, ba kai ne ka aika wa maiɗakina cewa kwana goma sha biyar ne iyaka ba? To wagga fa, kwana nawa za ta yi?"

Dariyar ta fara daga rumfar nama, ta bi layin hatsi, ta zagayo. Wanda Dogo ke yi wa aski ya roƙi a ɗaga askar tukuna. Na sunkuyar da kai don in ɓoye fuska, sai idona ya sauka a kan wasu ƙafafu da na sani. Surukata ce, uwar Hajo, ta zo sayen daddawa. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta kamar yadda ya dace tsakanin surukai. Mayafin dai yana girgiza.

Inna Daso ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta jawo hannun rigata ta ce in saurara, don yanzu ne ma amanar take cikin haɗari. Auduga ƙarama ce, kuma wannan ne na farinta. In ɗaya daga cikin ƙattin nan ya same ta, 'ya'yan za su fi ƙarfin cikinta, wurin haihuwa za ta mutu. Ta ce in kulle ta wajen kwana ashirin. Kada in shafa mata wani magani, kada in dake ta in ta ɓata wuri. A shimfiɗa mata tsumma ana wankewa, a ajiye mata ruwa, in ta ƙi ci a lallaɓa ta, in za ta zaga a fita da ita da igiya.

Ta ce, "Kuma ka ji wannan da kyau. In jinin ya dushe ya koma kamar ruwan wankin nama, za ka ce ta gama. Ba ta gama ba. Lokacin ne ita da kanta za ta nemi ƙofa."

Ta juye sauran nonon wata ƙwarya, ta goge, ta sa Auduga ciki, ta rufe da faifai, ta ce in ɗora a kai yadda karnuka ba za su kai gare ta ba. Haka na ratsa gari na koma: babbar riga, rawani, ƙwaryar nono a bisa rawani, zawarawa goma sha ɗaya a baya.

Hajo ta karɓi ƙwaryar. Na lura ta riga ta share ɗan ɗakin da muke ajiye kara, ta shimfiɗa tsumma, ta toshe ramin da ke gindin darni da ƙaya.

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "A gidan maharba kakata take, Malam."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na fara."

Kwanakin da suka biyo baya na yi su a bakin ɗakin kara, littafi a cinya, sanda a gefe. Mai ido ɗaya ya gwada haƙa ƙarƙashin darni sau biyu, muka fahimci juna. A rana ta goma jinin ya dushe, Auduga ta warware, tana kaɗa wutsiya tana kartar ƙofa tana kuka mai ban tausayi. Duk da abin da aka gaya mini a gaban kasuwa guda, wallahi hannuna ya kai kan asabarin da ya rufe ƙofar. Na ce ai ta sha ɗauri, iska kawai za ta sha.

Hajo ta ce daga madafa, "Malam."

Na janye hannuna. Ta cikin darni ina ganin ido ɗaya yana kallona.

Bayan kwana ashirin da 'yan kai, kumburin ya sauka, ta koma cin abinci kamar mai ramuwa, masu zaman ƙofa suka watse ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Da ayari ya komo, surukina ya zo zaure. Na miƙa masa Auduga. Ya juya ta, ya shafa cikinta, ya auna ta a tafin hannu.

Ya ce, "Yadda na bar ta. Allah ya yi albarka, Malam." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya bai juyo ba. "Tun a Tasawa na ji labarin wata annoba da ta taso nan. An ce kai ka tare ta."

Na ce, "Da taimakon jama'a, Baba."

Ya ce, "Haka aka ce mini," ya fita. Kafaɗunsa ma suna girgiza. Abin na gidansu ne.

Watanni bayan haka ina bitar babin haila don amsa wata tambaya, sai idona ya faɗa kan wani ƙaramin rubutu a gefen shafi. Jerin dabbobin da malamai suka ce su ma suna ganin jini ne. Akwai zomo, akwai kura, akwai jemage. Ta huɗu karya. Rubutun hannuna ne. Ni na kwafe shi a Katsina, har na ja masa layi da jan tawada don kada in manta.

Tun daga ranar ban rage karatu ba, ban kuma ƙara ba sosai. Abu ɗaya na sauya. In Hajo ta ce, "Malam, ai wanga abu ba...", nakan ajiye littafi, in zauna a kan hannuna, in jira ta kai ƙarshen maganar.