Guzurina a Ƙugun Wando

Shekarar da naira ta fito na tafi aikin hajji. A Kano aka ce mu mai da guzurinmu cekin matafiya, takardar da za ka sa wa hannu a can a ba ka riyal. Abokin tafiyata, Malam Sule na Toranke, ya karɓa. Ni kuwa na ce, "Malam, gyaɗa na sayar aka ba ni kuɗi. Ba zan bayar a miƙo mini takarda ba."

Na koma Gaya na sa tela ya ɗinke kuɗina kaf a ƙugun wando. Ina tafe ina shafa ciki, ina tausayin ɓarayi.

Ashe na manta da harami. Da muka zo ɗaurawa, malaminmu ya ce, "Kowa ya tuɓe ɗinkakken kaya." Na naɗe wando na cusa a akwati. Akwati ya hau wata mota, ni na hau wata.

Kwana huɗu ina Makka daga ni sai ƙyalle biyu. Malam Sule ya riƙa sa hannu a takardarsa yana saya mini shayi da burodi. Duk sanda ya miƙo kofi sai ya ce, "Sha, Alhaji, takarda ce."

Akwati ya dawo, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Amma har yau in na gama ciniki a kasuwar Gaya, sai wani ya ɗaga murya: "Ku yi masa labule, Alhaji zai buɗe banki!"