Rasuwar Madam, Injin Gahawar Babanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai cike da baƙin mai, ni Nafi'u Hammadu na Kaura Namoda nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Madam, injin gahawar gidanmu mai dogon hannu, bayan gajeriyar jinya a tsakar gida.

Marigayiya 'yar Italiya ce. Babanmu ya ɗauko ta daga Maraɗi, lokacin yana jan mota, tun ban san hannun damana ba. Mace ce mai aji: ba ta aiki sai an ɗaga mata hannu, an jira, an sauke shi a hankali. In ka yi gaggawa ta tofa maka ruwan zafi a riga. Abin da take bayarwa bai cika kofi ba, ga ɗaci kamar maɗaci, amma Baba ba ya kama hanya sai ya sha.

Ranar da ya tafi Zurmi da lodin gero ma ya sha. An ga motar a gefen hanya, ƙofa buɗe. Shi ba a gan shi ba, har yau.

Tun daga ranar Inna ta hana a kashe Madam. Kullum cike da ruwa, kullum a kunne, don in ya shigo ya tarar da ita da zafi. Wasu gidajen ihun yara ke gaya musu an kawo wuta. Mu "ƙurrr... tsssss" muke ji daga ɗakin Baba, sai Inna ta waiga ƙofar gida. Ko yaushe sai ta waiga.

Ciwon ajali ya fara da tari. Gishirin ruwan rijiyarmu ya daskare mata a ciki, fari fat, robar wuyanta ta tsage tana yoyo. Likitanta, wato ni, na yanko mata sabuwar roba daga tsohon tayar babur, na wanke cikinta da ruwan tsamiya, na zubar, na kashe ta don ta bushe, na fita neman sukudireba. Wallahi aiki ya yi kyau. Inna ta shigo ta ga an kashe. Ta kunna, kamar yadda ta saba. Aka kawo wuta bayan la'asar, babu ko ɗigon ruwa a cikin Madam. Ta ce "tik", ta yi warin ƙuna, shi ke nan.

Ta bar hannunta na ƙarfe, wanda tafin Baba ya cinye wa fenti, da ƙananan kofuna biyu, ɗaya ba mai taɓa shi. Ta bar ni da ƙanwata Nazifa. Ta bar Inna, wadda jiya ma da aka kawo wuta ta waiga ƙofa. Nazifa ta rantse ita ma ta ji "tsssss". Na yi mata dariya, amma ban shiga ɗakin ba.

Batun jana'iza, babu wanka, na riga na yi mata. Babu kai ta makwanci, Inna ta ce ba a binne abin da ba a tabbatar ba, don haka tana nan kan teburinta, a jone. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da kansu. Za a karɓi gaisuwa a zaure bayan sallar Juma'a, shayi za a sha. Roƙo ɗaya: duk wanda ya shiga wajen Inna ya faɗi sunan Madam a fili kafin ya ce Allah ya jiƙan rai. Kada ta ɗauka wani labarin kuka kawo.