Yadda Za Ka Wuni a Ɗakin Sanyi da Sunan Gadin Faifai

Kai da zafin Accra ke gasawa a ofis, fanka ta mutu, ga ɗakin saba, wato babbar kwamfutar ofis, can yana feso sanyi amma an hana zama, matso kusa. Dabarar nan tabbas tana ci. Wurin Odartey na koye ta, mai kula da na'urorinmu.

1. Jira faifai ya mutu

Sabarmu ta Unix faifai biyu gare ta, tagwaye, duk abin da ke cikin wannan yana cikin wancan. In ɗaya ya mutu aka sa sabo, da kanta take kwafe komai daga tsohon. Ba ta bukatarka ko kaɗan. Wannan maganar ta tsaya tsakaninmu.

2. Ɗaure fuska

Je wurin shugabarku. Odartey yakan ce wa tamu, Madam Korkoi, in aka ɗauke ido komai na iya faruwa. Bai kuwa yi ƙarya ba, komai na iya faruwa a ko'ina.

3. Buga metastat

Umarni ne da in ka buga wa sabar za ta nuna maka kashi nawa aka kwafe. Sake bugawa, da ƙarfi, yadda za a ji daga waje. Wanda ya leƙo, ɗaga masa hannu kawai, kada ka waiwaya. Dokununka, tuwon masaran nan, da kifi kuwa, ci bayan kabad.

4. In an tambaye ka yaushe za a gama

Ja dogon numfashi, ka dubi silin. Masana sun ce faifai ba ya son gaggawa. Ni ne masanan.

5. In ya kusa cika

Nan gogan naka Odartey ya kasa haƙuri. Rana na tsaka, saura ƙiris a gama a mai da shi cikin zafi, sai ya ce bari ya zare sabon a faro daga farko. Tagwaye kuwa, kamarsu ɗaya. Ashe tsohon ya zaro, komai ya lalace.

Madam ko faɗa ba ta yi ba. Ta ce, “Ɗana, tunda kana son ɗakin, kada ka fito sai komai ya dawo.”

Yana can har yau da rigar sanyi da majina, yana maido da bayanai ɗaya-ɗaya. Wallahi ya ba ni tausayi. Jiya ya roƙe ni in tsaya masa ya ɗan fita ya sha rana.

A kula: babu ruwana da mura, ciwon haƙarƙari ko faifan da ka zara. In Madam ta tambaya, ban san ka ba. Odartey ma gaisuwa ce kawai tsakaninmu.