Ranar da Na Gyara Fiyanon 'Yar Akawu

Ko na manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na durƙusa a ƙofar kanti a Jega, jama'a na yi mini tafi, alhali ɓarna na tafka.

Lokacin Nasara ba su daɗe da cin ƙasa ba. Ni maƙeri ne daga Maiyama, na kafa maƙerata a bakin kasuwar Jega, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Fartanya, lauje, linzami, duk ina yi, amma abin taƙamata kunne ne. Ni nake ƙera kuge, ƙarfen kiɗan nan na sarauta. In na buga ƙarfe sau ɗaya, zan gaya maka inda ya yi kauri. Da yamma kuma ina ɗan taɓa molo (matata ta ce awaki ne kawai ke tsayawa saurare, amma wannan ra'ayinta ne).

Akwai wani akawu mutumin Ikko da ke auna ƙiraga a kantin Bature. Wata safiya ya zo rungume da wani ɗan akwati, 'yarsa Titi tana biye da shi, yarinyar da ba ta wuce shekara shida ba. Ya ce sunan abin fiyano, wannan na yara ne, na manya sun fi gado girma. Wannan kuwa bai kai gwiwata ba. A gabansa akwai jerin fararen itatuwa kamar haƙora, in ka danna ɗaya sai ya yi ƙara.

"Wannan ɗaya ya maƙale, Maƙeri," in ji shi, yana nuna na ƙarshe. "Shi kaɗai za ka gyara."

Da suka tafi na buɗe bayan akwatin, sai raini ya kama ni. Katakon ba kauri, danƙon da aka manna shi da shi ya fara saki saboda zafinmu. Baƙaƙen haƙoran da ke tsakanin farare ashe fenti ne kawai aka zana. A ciki ba tsirkiya ko ɗaya, 'yan sandunan ƙarfe ne a jere daga dogo zuwa gajere, da 'yan guduma masu bugunsu. Wanda ya maƙale kuwa, zanzaro ne ya yi gida a ƙarƙashinsa. Nan take na kankare shi. Da nan na tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Amma sai na bi sauran ina dannawa ɗaya bayan ɗaya, kunnena ya ƙi yarda. Cikin kowane bakwai akwai biyu da muryarsu ta manne da ta maƙwabtansu, ba su nan ba su can. Na ɗauko molona na gwada, ba su da mazauni. Na ce lallai maƙerin can da ya ƙera shi ya ga abin yara ne ya yi aikin ganin dama, bari in nuna masa yadda ake yi. Na ɗauko magagari. (Yatsana ɗaya haƙori biyu yake dannewa lokaci guda. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mini ba domina aka yi abin ba, amma ban saurara ba.) Kwana biyu ina guga, ƙarfe huɗu na ci, har kowanne ya bi molona.

Kuma ban kai shi a ɓoye ba. Na jira ranar kasuwa, na gayyato masu albasa na Aliero, na ajiye akwatin a ƙofar kanti, na tattare riga na durƙusa, na kaɗa musu kiɗan noma da ɗan yatsana ƙarami.

"Wallahi ka sa abin Nasara ya yi Hausa!" in ji wani mai albasa. "Wanga maƙeri ba shi da na biyu."

Sai Titi ta zauna. A nan na fara ganin akwatin da kyau, domin tsayinsa daidai da nata, kowane yatsa nata haƙori ɗaya yake faɗa wa. Ta danna uku, a na huɗu ta tsaya. Ta koma farko. Ta sake komawa. Sannan ta ɗago kai ta dube ni. Ita a Jega ta buɗe baki, Hausarta irin tamu ce.

"Baba Maƙeri, ina waƙar Mama tat tahi?"

Akawu bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce mahaifiyarta ta rasu daminar bara. Waƙa ɗaya ta koya mata a kan wannan akwati, ita Titi take kaɗawa kowace safiya, shi kuma bai iya ba. "Ɗaya na ce, Maƙeri," in ji shi.

Masu albasa duk suka tuna sun bar kayansu a rana. Ni kaɗai aka bari a durƙushe, kunya ta hana ni tashi. Ban taɓa jin na ƙanƙanta haka ba.

Ƙarfen da magagari ya ci ba ya komawa, dole na ƙera sababbi. Kusan wata biyu Titi tana zuwa maƙera tare da ubanta, ta rera waƙar da baki, ni ina guga ina bin muryarta. Ni mai kunne, 'yar shekara shida ke yi mini gyara: "A'a Baba, wanga ya yi sama." Uku sun zauna. Na huɗu ya ƙi, na ƙera shi ya fi sau goma. Ranar ƙarshe ta kaɗa waƙar har ta kai ƙarshe, in ta zo kan wannan ɗin sai ta tsallake shi ta cike wurin da bakinta.

"Ya kusa, Baba," in ji ta.

An sha tambayata ko akwatin nan na kirki ne. Katakonsa dai na banza ne, baƙin fentinsa ma ƙarya ce, wannan ban janye ba. Amma ya yi wa mai shi daidai, kuma in ban da gidan zanzaro, lafiyarsa lau kafin gwani ya taɓa shi.

Tun daga ranar, ko fartanya aka kawo mini da ƙota a karkace, sai na tambayi mai ita ko haka yake noma da ita. Mutane suna cewa na tsufa na yi yawan tambaya. Ba su san Titi na can Ikko ba, ta zama babbar mace, har yau waƙar uwarta ba ta fita sai ta cike wuri ɗaya da baki, kuma magagarina ne ya ci wurin.