Ɗan Akwatin Jikin Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kama ni da sukundireba a hannu a gidan aikina a Amurka ba. Lokacin ina kula da wata tsohuwa Bayahudiya a unguwar Flatbush, Mama nake ce mata, kuma da aikin nan nake ciyar da 'ya'yana.

Wani da muke zuwa zikiri tare a unguwar Bronx ne ya turo mana murya a WhatsApp. Wai an yi wa wani waliyyi kashafi, an nuna masa tsohon littafin sirri da Yahudawa suka tsara mallake duniya a ciki. Ya ce ɗan siririn akwatin nan da suke kafawa a jikin ƙofa asiri ne, da shi suke ɗaure zuciyar duk wanda ya shiga. (Ni fa da na ji an ce waliyyi, hankalina hutu yake tafiya.) Gidan Mama kuwa kowace ƙofa da nata. Ga shi ina son matar nan har raina, sai na ce shi ke nan, asirin ne ya ci ni.

Da ta kwanta barcin rana, na hau kwance na ƙofar kicin don in kai a karya. Ƙusa ɗaya ta fita, sai na ji ƙarar sandarta a bayana.

"Me kike yi?"

Ƙarya ta gudu ta bar ni. Na zayyana mata komai, ina jiran ta kira kamfanin da ya turo ni. Sai ta ce ta san littafin, ƙirƙirarsa aka yi tun ba a haife ta ba, kuma da irin maganganunsa aka hallaka dangin mahaifiyarta. Abin da ke cikin akwatin kuwa ayoyi ne da ke cewa Allah ɗaya ne.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa ina ba ta haƙuri har da hawaye.

"Mayar da shi," in ji ta. "A karkace, yadda kika same shi."

Ba ta kira kamfanin ba. Sai dai tun ranar, in za ta kwanta sai ta murza makullin ɗakinta, wannan kuwa ya fi mini kora zafi. Na dai koyi abu guda: mai turo murya yana can yana shan shayinsa, wanda ya gaskata shi ke shan kunya.