Wanda Ke Shanye Mini Mai

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na yi wa Malam Sada a shekarar da soja suka koma bariki, kuma ko na so mantawa, 'yan unguwarmu ba za su bar ni ba.

Lokacin an ɗan gyara mana albashi, sai kowane ma'aikaci ya ga shi ma ya isa hawa mota. Na sayi wata tsohuwar 'yar Kwatano, wadda na tabbata Turawa uku sun gaji da ita kafin ta iso Katsina. Matsalar ita ce lungunmu a Ƙofar 'Yandaka ko amalanke da ƙyar take shiga. Sai Malam Sada, wani dattijo sa'an mahaifina mai injin markaɗe a zaurensa, ya ce in riƙa ajiye ta a ƙofar gidansa da ke bakin titi. Tsohon direba ne, don haka na ba shi makulli ɗaya saboda matsar da ita idan motar itace za ta sauke kaya.

A ofis kuwa muna da majalisar masana mota a gindin darbejiya (yawancinsu a kan babur suke zuwa aiki). Su suka karantar da ni cewa duk motar Turai tana zuwa da kayan ƙasar sanyi, in ba a cire su ba za ta riƙa zafi. Ran wata Asabar na buɗe bonet, na hango waya ta fito daga wani ɗan ƙarfe mai kama da fulogi, an ɗaure shi a jikin bututun salansa. Nan take na yanke hukuncin cewa ta ɗumama hayaƙi ce saboda ƙanƙara. (Tarihi na karanta a makaranta, in kana tambaya.) Na sa filaya na datse ta tun daga gindi. Malam Sada yana zaune yana kallona, har ya tambaye ni ko na san aikinta, na ce masa ai motocin yanzu ba irin na zamaninsu ba ne. Da na tayar da ita wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, sai na manne ta da sitikar wani ɗan takarar kansila da ya sha ƙasa.

Daga nan motar ta buɗe ciki. In wuni a layin mai tun safe har azahar, kwana uku allurar mai ta kwanta. Raina ya yi ta ɓaci. Matata Binta ta ce hayaƙin motar yana sa ta hawaye, na ce mata ta tsaya a harkar tukunya. Bangon Malam Sada ya yi baƙi daidai saitin salansa, ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne injinsa da fetur yake aiki, kullum yana ruri, ban taɓa ganin mutumin da jarka ba, ga shi kuma da makullina.

Ban tunkare shi ba. Abin da na yi ya fi haka muni. A majalisar ƙofar masallaci, bayan la'asar, na ce a unguwar nan akwai injin da ke aiki da man da ba nasa ba. Injin ɗaya ne a unguwar. Kafin mako ya zagayo mata sun fara kai markaɗensu tsallaken titi, Malam Sada ya daina zama cikin mutane, yana sallame salla sai ya ɗauki takalminsa. Wata safiya ya miƙo mini makullina.

Mai unguwa ya kira mu, yana so a kashe maganar cikin sirri. Ni kuwa zamanin farar hula ya hau mini ka, kullum rediyo sai zancen kwamitin bincike, sai na ce a'a, hujja nake so. A je gareji, a tabbatar motata lafiyarta lau, sannan a gaya mini inda man yake zuwa. Da bakina na nemi mai unguwa da liman su biyo mu su zama shaidu.

Muka tafi wajen Ilu mai wayarin a Ƙofar Sauri. Ya tayar da motar, ya zagaya baya ya shaƙi hayaƙin, ya yi tari. Ya zura yatsa a salansa, ya fito baƙi ƙirin. Ya kwance fulogi ɗaya, shi ma kamar gindin tukunya. Sai ya shiga ciki ya ɓare sitikar kansila, ya tsaya yana kallon fitilar, sannan ya kalle ni. Ya haɗa wasu ramuka biyu da guntun waya a ƙarƙashin das, wajen sitiyari, fitilar ta fara ƙiftawa yana ƙirgawa. Daga nan bai yi wata-wata ba ya nufi jikin salansa, ya ɗago guntun wayar da na datse.

“Wane marar aikin yi ya yanke wagga waya?”

Sai ya shiga bayani. Ya ce sensa ake kiran abin, shi ne hancin mota. Shi ke shinshina hayaƙi ya gaya wa ƙwaƙwalwar motar ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In ta daina jin labarinsa, sai ta yi ta tura mai babu lissafi, rabi ya ƙone, rabi ya fita ta baya. Ya ce ko cikin ɗaki na kulle motar nan haka za ta sha.

Na yi ƙarfin hali na ce wataƙila haka ta zo daga Kwatano. Ilu ya nuna wa liman bakin wayar yana ƙyalli, ya ce yankan bai daɗe ba, kuma filaya ce. Na saci kallon Malam Sada, mutum ɗaya tilo da ya ga lokacin da na yanke, ina jiran ya tona ni.

“Ilu, gyara mashi motarshi,” in ji shi. “Wanda ya yanke bai yi da mugunta ba.”

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki da ƙyar na ce ni ne. Mai unguwa ya juya baya yana gyaran rawanin da babu abin da ya same shi, kafaɗunsa na rawa.

Da yake tun daga gindi na datse, ba ta haɗuwa, dole a sake sensar gaba ɗaya. Ta yi tsatsa ta ƙi kwantuwa, sai da Ilu ya jiƙa ta da mai ya yi ta fama da sifana, yana yi yana tsaki, ni kuma ina tsaye ina karɓa. Sai bayan kwana huɗu aka samo wata daga Kano. Ya ɗaura, ya cire kan batir ya mayar, fitilar ta mutu, hayaƙin ya washe.

Na je zaure na durƙusa na ba Malam Sada haƙuri. Ya kashe injinsa ya saurare ni har na gama.

“Na yahe maka tun a gareji, ɗana. Amma ba nan ka hwaɗi maganar ba.”

Don haka bayan la'asar na miƙe a ƙofar masallaci, gaban manya da yara, na ce Malam Sada bai taɓa ɗigon maina ba, ni na yanke wa motata hanci da hannuna. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, shi kaɗai ne bai yi ba. Washegari ya dawo zama a majalisa, Binta kuma ta fara kai masa markaɗenta, sauran mata suka biyo baya.

Har yau Injiniya ake kirana a unguwar, kuma ina amsawa. Abin da na koya shi ne, duk ranar da wani abu nawa ya salwanta har na ji ina son a yi bincike, sunana nake fara rubutawa a jerin waɗanda ake zargi.